Hukuncin Kifin da Ya Ratsa Ruwan Fukushima

Kifin teku halal ne a mazhabar Malikiyya, ba ya bukatar yanka, ko da a mace aka tsince shi. A kan wannan hukunci uwargida a Yelwa take sayen kifin ƙanƙara hankalinta kwance, ba ta tambayar tekun da ya fito. Amma titus da danginsa matafiya ne, suna cin dogon zango kafin su faɗa koma, kuma Japan na cikin ƙasashen da suke sayar wa Najeriya irin wannan kifi.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, burbushin nukiliya ya kwarara cikin Tekun Pasifik. A watan Agusta na shekarar aka kama kifin tuna 15 kusa da San Diego a Amurka. Daniel Madigan da Nicholas Fisher da Zofia Baumann suka auna namansu, suka sami sinadarin siziyom-134, wanda rabin ƙarfinsa yake gushewa cikin kimanin shekara biyu. Gajartar ransa ce ta nuna cewa daga Fukushima yake, domin na tsofaffin gwaje-gwajen bama-bamai ya daɗe da ƙarewa. Kifin ya ƙetare teku ɗauke da shi a tsokarsa.

Almajirin da ya karanta Ishmawi ko Ahalari a zaure ya san ma'aunin ruwa: launi, ɗanɗano, ƙamshi. Muddin najasa ba ta canza ɗaya daga cikinsu ba, ruwa yana nan da tsarkinsa. Siziyom kuwa ba ya canza ko ɗaya, kuma shi kansa ba najasa ba ne. Saboda haka ruwan ya tsarkaka, kifin ma haka. Sai dai tsarki babi ne daban, halaccin ci babi ne daban. Guba tana iya kasancewa mai tsarki, amma cinta haramun ne saboda cutarwa. Nan ne mas'alar take zaune, kuma cutarwa magana ce ta adadi.

Wannan adadi ido ba ya ganinsa, kuma ba za a iya auna kowane kifi ba. Abin da masana suke yi shi ne lissafin kwamfuta: yadda igiyar ruwan teku ta Kuroshio ta watsa gurɓataccen ruwan, tsawon zaman kifin a ciki, abin da ya ɗauka ta abincinsa, abin da jikinsa ya fitar bayan ya shiga ruwa mai tsabta, da yadda girmansa ya tsarma ragowar. Sakamakon ƙiyasi ne, ba yaƙini ba. To, ana gina hukunci a kan ƙiyasi?

Fikihu ya daɗe da amsa wannan. Malamai sun raba yaƙini da zato mai rinjaye da shakka da wahami, kuma mafi yawan hukunce-hukunce a kan zato mai rinjaye suke tsayawa. Mara lafiya yakan yi taimama ko ya ajiye azumi bisa maganar likita masani, alhali likitan ma hasashe ya yi. Lissafin da aka gwada da awon kifi na zahiri ya kuma dace, matsayinsa ke nan. Tsoron da kalmar nukiliya take jefawa a zuciya ba tare da awo ba, wahami ne, kuma ba a haramta halal da shi. A kifin tuna na San Diego, siziyom ɗin duka bai wuce kimanin bekerel (ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya) 10 a kilo ba, alhali iyakar da Japan ta sa wa abinci tun Afrilu 2012 bekerel 100 ce a kilo. Kifin da aka kama a gaɓar Fukushima a shekarun farko kuwa, wasunsa sun zarce iyakar nesa ba kusa ba, aka hana sayar da su, kuma hanin ya dace da shari'a.

Nauyin ya koma kan mai awo. Mai saye a kasuwar Yelwa ba shi da na'ura, dogaronsa ga amanar wasu ne, kamar yadda mai azumi yake dogara ga shaidar wanda ya ga wata. A Najeriya NAFDAC ce take kula da abincin da ake shigowa da shi, hukumar NNRA kuma take lura da kariya daga tururin nukiliya. Shaidarsu tana bukatar abin da ake nema daga kowane mai shaida, wato ilimi da adalci, har da bayyana girman kuskuren da lissafin zai iya ɗauka.