Guminku ne, ma'aikatan Damargu!

Sannunku da aiki, malaman lakwal na Gangara! Sannunku da ƙoƙari, ma'aikatan likita, unguwarzoma da malaman dabbobi, daga Tanut har Belbeji! Wa ya isa ya ce bai ga aikinku ba? Ku ne masu koyarwa a ajin zana, iskar hunturu tana cika muku ido da rairayi. Ku ne masu ratsa yashi a kan babur don kai rigakafi rugar da mota ba ta zuwa. Kun tsaya inda wasu suka gudu, to ku ɗaga kai!

Ku ɗaga kai musamman idan ana maganar fansho, domin ba sadaka ba ce. Ɗan Damargu bai buƙatar a koya masa amfanin rumbu: damina ɗaya ce, gajeriya, abin da aka tara da kaka shi ke fid da gida daga bazara. Kason da ake yanka a albashinku kowane wata, shi ne damin da kuke jefawa a ciki. CARENI, asusun da doka ta kafa a 2012 don kula da fanshon ma'aikatan gwamnatin Nijar, amanarku yake riƙe. Mai neman amanarsa yana sunkuyar da kai? Ina!

Za a ce muku baitulmali ba kuɗi. Wani lokaci gaskiya ne, kuma ban ga amfanin musun abin da ido ke gani ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, sai da aka zabtare kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin kuɗin shekarar. Amma yau aka fara? Ku tambayi dattawan da suka yi aiki a shekarun 1990. A Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, dare ɗaya. Albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, mai kanti ya gaji da rubuta bashi. Duk da haka sun buɗe aji, sun buɗe ɗakin magani, sun yaye ɗaliban da yanzu ke riƙe da ƙasar. Kuma ba su yi shiru ba. USTN, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta lokacin, ita ta ja yajin aikin gama-gari a 1990, tare da ɗalibai, har Janar Ali Saibou ya amince da siyasar jam'iyyu da yawa, aka buɗe Babban Taron Ƙasa ranar 29 ga Yulin 1991. Mutane irinku ne suka yi wannan, masu alli a hannu da bashi a wuya. Me suka fi ku da shi?

Wasu suna zargin ƙungiyoyin ƙwadago da cika wa gwamnati ciki. Ni dai na san muryar mutum ɗaya daga Gangara ba ta isa Yamai, amma muryar dubu tana isa. Sai dai ƙungiya tana ƙarfi ne da 'ya'yanta. Ku je taro, ku biya kuɗin ƙungiya, ku tambayi shugabanninku abin da suka tattauna da abin da suka sa wa hannu. Ku kuma tuna da malaman kwantaragi, waɗanda ke ɗauke da ajujuwan karkara masu yawa, suna jiran ranar da za a ba su lambar aiki. Ƙannenku ne, damuwarsu taku ce, kada a zauna teburin sulhu ba da sunansu ba.

Sannan takardu, jama'a, takardu! Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta aure, ta haihuwar yara. Ku haɗa su tun da sauran ƙarfi, kada sai ritaya ta zo dattijo ya kama zarya tsakanin Tanut da Damagaram saboda takarda ɗaya, ko a bar mai takaba da marayu suna lalube. Wanda ya iya bin layin ofis ya kama hannun wanda bai iya ba.

Shekarun da kuka ba Nijar ba su faɗi ƙasa ba, kuma ba za ku bari su faɗi ba. Gobe da safe ku buɗe aji, ku buɗe likita, da la'asar ku hallara a taron ƙungiya. Ku tashi, Damargawa, a je a karɓo haƙƙi!