Gemun Auduga da Shaddar Idi: Wace Shiga Addini Ya Yarda da Ita?

Da azumi ya kwana goma, tsummokaran gida kan yi daraja. Duk wanda ya tashi a yammacin Zamfara, daga Damaga zuwa Maradun, Bakura da Talata Mafara, ya san wannan tun yana ƙarami. Ana shan ruwa yara za su bazu neman tsohuwar rigar kaka, yagaggen buhu, igiyar rama, gawayi da toka. Wanda zai fito a tashen Tsoho da Gemu sai a zaunar da shi kusa da murhu, a yagi auduga a barbaza ta, a shafa masa ƙaro a haɓa a manna. A cusa masa tsumma a baya ya zama doro, a goga toka a girarsa, a miƙa masa sanda. Nan take ɗan shekara tara zai miƙe yana karkarwa yana tari.

"Inna, gemun ya zauna?"

"Ya zauna. Kada dai ka yi dariya, zubewa zai yi."

Bayan kwana ashirin kuma gidan nan ya koma hidimar wata shigar. Keken tela ba ya tsayawa har asuba, dutsen guga na cin gawayi, 'yan mata sun miƙe ƙafafu ana zana musu lalle, wata tana ƙarasa kitso, wata tana cire zaren ƙarshe a hular da ta shafe makonni tana ɗinkawa. Yaron da ya zama tsoho a tsakiyar wata, shi ne zai taka zuwa filin idi cikin sabuwar riga da ƙamshin turare.

Wata ɗaya ke nan da shiga iri biyu, kuma kowacce tana da masu tuhumarta. Wasu na ganin tashe wargi ne da bai dace da watan Alƙur'ani ba. Wasu na ganin kayan sallah sun zama gasa da ɓarnar dukiya. Me addini ya nema daga tufar da mutum zai sa ranar farin ciki?

A wannan yanki tufa ba ta taɓa zama ƙaramar magana ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen ƙarni na 18, har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar sallah ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa 5 a madadinta, ɗaya daga ciki shi ne a girmama duk mai rawani. Da Nafata ya hau gadon Gobir kuwa, cikin dokokin da ya kafa wa jama'ar Shehu har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Kimanin shekara 200 bayan haka, a watan Oktoban 1999, ɗan Bakura ne, Gwamna Ahmad Sani Yarima, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau. Don haka tambayar halas da haram a kan al'ada abu ne da ake tattaunawa a nan a bakin masallaci da rumfar mai shayi.

Maganar kayan sallah ta fi sauƙin warwarewa, domin nassi ya yi bayani a fili. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31 ta umarci 'yan Adam su yi ado idan za su masallaci, a cikinta kuma aka hana almubazzaranci. Aya ta 32 ta yi inkarin wanda zai haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinSa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowace makarantar zaure a ƙasar Hausa ke karantarwa, ta sa turare da kyakkyawar tufa cikin abubuwan da ake so ranar idi. Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata jabba ta alharini don ya riƙa ado da ita ranar idi da ranar karɓar baƙi. Annabi ya ƙi ta saboda alharinin, amma bai soki tunanin yin ado don idi ba. Ashe dai magidancin da ya yi wa iyalinsa ɗinkin sallah yana kan hanya.

Akwai wani hadisin da ya kamata a riƙa tunawa duk ƙarshen azumi. Ummu Aɗiyya ta ruwaito cewa da aka umarci mata su fita idi, sai aka tambaya game da wadda ba ta da mayafi. Amsar da aka bayar ita ce 'yar'uwarta ta ara mata. Ba a ce ta zauna gida ba. Manufar tufar idi ke nan: ta shigar da mutum cikin taro. Zakkar fid-da-kai ma, mudun Annabi 4 na abinci a kan kowane mutum, an ɗora ta ne don kada wani ya wayi garin sallah yana bara.

Idan aka auna da wannan mudu, za a ga inda kayan sallar yau suka karkace. Shaddar Getzner daga ƙasar Ostiriya take zuwa, yawancin atamfa da leshi da yadi daga Sin, su sauka Kantin Kwari a Kano kafin su iso kasuwar Mafara ranar Talata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Duk da haka ga anko, ga kala biyu ko uku ga kowane yaro, ga tsoron abin da dangin miji za su ce. Manomi ya sayar da gero na cin damina, ma'aikaci ya ci bashin da zai kai shi babbar sallah yana biya. Maƙwabcinsu da bai samu ba kuma 'ya'yansa su ƙi fita yawon sallah don kunya. Tufar da aka so ta tara jama'a ta zama mai korar wasu daga cikinta. Hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Muslim ya raba gardama a nan: son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Tashe shi ne ya fi ɗaukar zafi. Masu sukarsa suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Suna cewa yana cin lokacin asham, yana sa namiji shigar mace ko mace shigar namiji, yana koya wa yara izgili da roƙo. Akwai kuma mai cewa shigar kanta ƙarya ce, tunda yaro yana nuna abin da ba shi ne ba.

Wannan ta ƙarshe ita ce mafi rauni. Ƙarya tana buƙatar wanda za a yaudara, a tashe kuwa babu shi. Matar gidan da ta fito da tsabar gero ta san ɗan maƙwabciyarta ne a cikin doron nan, daɗin abin ma ke nan. Jatau Mai Magani da ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle yana lissafa sunayen itatuwa, ba wanda ya taɓa sayen magani a hannunsa. Idan ana neman shigar da ke yaudara a watan nan, ai ta mai shaddar bashi ce, wanda ke so a ɗauka yana da abin da ba shi da shi.

Sannan wasan yara da kayan da aka haɗa a gida yana da asali a zamanin sahabbai. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labari, a Buhari da Muslim, cewa suna sa ƙananan yaransu azumin Ashura, sai su haɗa musu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, cikinsu har da doki mai fikafikan ƙyalle, Annabi ya gani ya yi dariya. A ranar idi Habashawa sun yi wasan masu a cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo daga bayan Annabi. Da Sayyidina Abubakar ya tsawata wa wasu 'yan mata biyu masu waƙa a ɗakinta ranar idi, Annabi ya ce ya ƙyale su. Waɗannan ruwayoyi ba su ambaci tashe ba, amma sun nuna cewa ibada da wasan yara sun zauna gida ɗaya tun farko.

Tashe kuma makaranta ce. Littafin Wasannin Tashe na M. B. Umar, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya tattara da yawa daga cikinsu, kuma mai nazarinsu zai ga kusan kowanne yana da abin da yake koyarwa. Mairama da Daudu na koya wa 'yan mata zaman aure. Mai Ƙiriniya, wanda ake ɗaure wa igiya a ƙugu yana fizge-fizge, yana nuna makomar yaron da ba ya jin magana. Wanda ya ɗauki doro ya dogara sanda na dare ɗaya ya ɗanɗani abin da kakansa ke fama da shi kullum. Kafin a kai ga wasan ma an koyi wani abu: yadda ake ɗaure tantani a bakin gwangwani ya zama ganga, yadda ake feƙe kara a yi tabarau da mota, yadda ake raba abin da aka samo ba tare da faɗa ba.

Al'adar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. A Wagadugu ta Burkina Faso yara na yin wasan Dodo a watan azumi da fuskokin ƙwarya, kuma fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. A Kuwaiti da Baharain da Ƙatar yara kan sa tufafin gargajiya a tsakiyar Ramadan su bi gida-gida ana ba su alewa da gyaɗa, malaman can ma sun yi saɓani a kai.

Sai dai sauran hujjojin masu suka suna nan daram. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Macukule, inda ake kwaikwayon Bagware da karyayyar Hausa, barkwancin ƙabila ne a wurin wasu, amma wanda ake kwaikwaya shi ne zai faɗi ko akwai zafi. Tashen gwauro, wanda Nalako ke jagoranta a Kano, an gina shi ne don zaburar da marar mata ya yi aure. To yaya lamarin yake idan wanda aka kafa wa ganga a ƙofar ɗaki matarsa rasuwa ta yi, ko talauci ne ya raba su? Hadisin Ibn Abbas a Buhari game da maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza shi ma ba abin wasa ba ne, musamman idan masu shigar sun balaga. Ga kuma abin da ya shigo daga baya: a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da shi. A ƙauyukan Maradun da Bakura kuwa, inda 'yan bindiga suka sa dare ya zama abin tsoro, uwa ba ta buƙatar fatawa kafin ta hana ɗanta fita.

Duk waɗannan aibobi ne da ake iya cirewa wasan ya tsira. Abin lura shi ne, sun fi yawa a inda hannun iyaye ya janye. Tashen da uwa ta manna gemunsa, yaya ya ɗaure gangarsa, kaka ta gyara waƙarsa, da wuya ya fita da wuƙa ko zagi, domin an tace shi tun daga tsakar gida. Wanda aka sayo wa fuskar roba a kasuwa aka sake shi cikin garin da ba a san ko ɗan wane ne ba, shi ne ake jin tsoro. Haka abin yake a kayan sallah. Gidan da ake rage rigar wa a ba ƙane, a wanke tsohuwar shadda a kai ta bugu ta dawo da sheƙi, a zana hula da hannu, ba ya shiga bashi don kwana uku. Aikin hannu kuwa ba abin kunya ba ne a Musulunci. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi yana ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa, Nana Zainab 'yar Jahshi kuma tana jima da ɗinkin fata ta yi sadaka da abin da ta samu.

Gyaran ba ya buƙatar kwamiti daga Gusau. Mai unguwa da liman sun isa su tsayar da lokaci, bayan asham ko da yamma kafin shan ruwa, su iyakance wasan a cikin unguwa tare da babba ɗaya mai rakiya. Malaman Islamiyya na iya zama da yara su zaɓi wasannin da ba su taɓa mutuncin kowa ba, su ƙirƙiro sababbi a kan tsafta, riƙon amana da cin bashi. Ƙyallayen da ke taruwa ƙarƙashin keken kowane tela a goman ƙarshe sun isa a haɗa wa yaran unguwa kayan wasa. Matan gida kuma, tun azumi na da kwana ashirin, su buɗe akwati su ware abin da ya yi wa 'ya'yansu kaɗan, a wanke a goge a aika gidan marayu da na 'yan gudun hijirar da suka cika Mafara da Maradun, ya isa gare su kafin daren sallah.