Mun Cika Salla, Amma Ba Mu Sauke Kaya Ba



Duk wanda ya karanta Risala a gaban malam ya san hukuncin matafiyi. A mazhabar Imam Malik, matafiyi yana kasaru, yana mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Da zarar ya yi niyyar zaman kwana 4 a wani gari, kasaru ta faɗi, sai ya cika salla kamar kowane ɗan gari. Mu kuwa a nan Agege, wani shekararsa 15, wani 30, matarsa na nan, 'ya'yansa a nan aka yanke musu cibiya, amma in ka ce masa ya gyara zamansa sai ya ce, "Malam, ai mu baƙi ne, nema ya kawo mu." Tambayar da nake so mu duba ita ce: shin daidai ne magidanci ya kawo iyalinsa gari, sannan ya riƙe su shekara da shekaru a zaman jiran tafiya?

Hausawa ba yau suka sauka a Agege ba. Fataucin goro ya kawo kakanninmu, hanyar jirgin ƙasa da ta kai Kano a 1911 ta ƙara buɗe ƙofa, shanu da hatsi suna gangarowa, goro yana hawa. Waɗancan mutane ba zaman raɓe suka yi ba. Sun kafa masallatai da makarantun allo, sun naɗa sarki, sun sami filin maƙabarta. Wanda ya nemi inda za a binne shi a gari ya riga ya amsa cewa a nan yake. Inuwar da suka shuka muke sha.

Ɗan ci-rani dabam, magidanci dabam. Saurayin da ya zo bayan girbi da buhunsa, ya kwana a rumfa, ya koma kafin ruwan fari, babu wanda ya ɗauki alhakinsa. Amma ranar da ka sauke mace da yara a tasha, lissafi ya canza. Kai da safe kana da kasuwa, ko Mile 12, ko mayankar Oko-Oba, da rana kana da masallaci, da dare kana da majalisa da mai shayi. Hausa kake ji daga safe har dare. Ita fa? An ɗauko ta daga gida mai tsakar gida da zaure, inda uwarta da yayyenta suke bayan katanga, an kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya mai ɗaki 10, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, maƙwabta ba sa jin harshenta, ita ma ba ta jin nasu. In yaro ya yi zazzaɓi da tsakar rana ba ta san hanyar asibiti ba, ko ta sani ba ta iya yi wa nas bayani. Mijin kuma ya ce ba sai ta koyi Yarbanci ba, ba sai an ƙara ɗaki ba, tunda komawa za a yi. Haka za ta tsufa a cikin "komawa za a yi". Wannan nauyi na wanda ya kawo ta ne, kuma za a tambaye shi.

Yara ma haka. An sa yaro a firamare, Babbar Salla ta zo an tafi da shi gida, ba a dawo ba sai bayan wata 3. Ajinsu sun wuce shi. Shekara ta zagayo a sake. A ƙarshe bai yi boko ba, bai sauke Alƙur'ani ba, bai iya noman can ba, bai iya sana'ar nan ba. Uban kuwa yana tura kuɗi ana ɗora bulo a kan wani gida a ƙauye, wanda ba mai kwana a cikinsa sai ƙadangaru.

Masu wannan hali suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Za su ce: ka manta Idi-Araba a 2002? Ka manta Mile 12 a 2016? A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, samari da yawa suka wayi gari ba abin yi. Mai gida yana iya ƙara haya ko ya ba ka notis. Mai hankali zai zuba duk abin da ya tara a inda za a iya cewa ya tashi? Gaskiya ne. Ban ce kowa ya sayar da gonarsa ko ya yanke zumunci ba, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Amma a lura da wanda ya fi shan wuya ranar da ƙura ta tashi. Shi ne wanda ba wanda ya san sunansa a layinsu, ba ya zuwa taron masu unguwa, ba ya biyan kuɗin gadi da na shara sai da rigima, katin zaɓensa yana can Arewa, ba shi da katin zama na LASRRA. Wanda ya je wa maƙwabcinsa Bayarabe gaisuwar mutuwa, ya aika masa naman layya, ya fito yasar kwata da kowa, shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa a ce kada ya bi ta hanya kaza yau. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama da mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar, amma takarda ba ta tsare mutum kamar yadda maƙwabci ke tsare shi.

Hujja ta biyu ita ce tarbiyya: in muka saki jiki, yara za su manta Hausa, su manta kunya. Wannan tsoro ni ma ina da shi. Sai dai yaro ba ya rasa Hausa don ya iya Yarbanci. Yana rasa ta ne idan uba ba ya zama cin tuwon dare da shi, ba ya biyan kuɗin Islamiyya, ba ya kai shi gaida kakanni lokacin hutun makaranta.

A duba sahabbai da suka yi hijira zuwa Madina. Zazzaɓin garin ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, kewar Makka ta dame su. Annabi (SAW) bai ce su daure na ɗan lokaci ba, sai ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa yana isa ya nemi a nuna masa kasuwa. Da aka buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, Madina suka koma. Son garin haihuwa bai hana su zama na gaskiya a inda Allah ya ajiye su ba.

Don haka abin da nake gani shi ne, magidanci ya zaɓi ɗaya. In tafiya ce, ya sa mata lokaci, ya gaya wa iyalinsa, a yi shiri. In zama ne, a sauke kaya: a bar yaro ya gama zangon karatunsa, a karɓo masa takardar haihuwa, a nuna wa uwargida asibiti da makarantar matan aure, a bar ta ta yi ƙawaye da 'yar sana'arta, a raba abin da ake samu tsakanin ginin can da cikin nan. Mu ma da muka daɗe, in sabon iyali ya sauka a layinmu, matanmu su shiga su yi wa matar sannu da zuwa tun a makon farko, kada a jira sai ranar suna.

Allah ya albarkaci zamanmu da nemanmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.