Cikon Kuɗin Malam Isa

Matan da ke fatauci tsakanin Yauri da kasuwannin bakin tafkin Kainji suna da wata dabara da ba su cika faɗa wa maza ba. In gobe za a shiga jirgi, tun la'asar ɗin yau suke rage shan ruwa. Da asuba ba koko, ba shayi. Namiji in ya matsu sai ya zaga bayan jirgi wajen injin, ya ba jama'a baya, ya yi abin da zai yi. Mace kuwa sai dai ta ƙulle ciki, ta zauna kan buhun albasa sa'o'i, rana na dukanta, ga ruwa ko'ina amma ba halin kurɓa.

Alhaji Garba, mai babban jirgin katakon nan da ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Wara da Malale, bai taɓa kawo wannan a ransa ba sai ranar da aka sauke yayarsa, Hajiya Kulu, ranga-ranga a gaɓa, jiri ya kwashe ta. Da ta farfaɗo ta sha ruwa, ko sannunsa ba ta amsa ba.

"Garba, ka iya sayen inji biyu, amma ka kasa kafa katako huɗu inda mace za ta ɓuya?"

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Za a yi."

Aka nemo masa Malam Isa mai aikin famfo, dattijo marar yawan magana, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Apapa ta Legas yana gyaran bututai a cikin jiragen ruwa kafin ya dawo gida. Ya zo da yaronsa da awo a aljihu. Ya shiga jirgin ya zaga, ya ɗaga katakon ƙasa ya leƙa, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin jirgin. Da ya gama bai yi zancen kuɗi ba. Ya ce, "Alhaji, in masai ya cika, ina za a zubar?"

Alhaji ya yi dariya, ya buɗe hannu ya nuna tafkin da ba a ganin ƙarshensa. "Malam Isa, wannan duka bai ishe ka ba? Ka huda ƙasan jirgi ka sa makunni, in mun kai tsakiya a buɗe. Ai ruwa mai yawa ba ya ƙazanta."

Malam Isa ya ce huda dai ba zai yi ba, saboda dalili biyu. Na farko, duk ramin da ke ƙasa da bakin ruwa a jikin jirgin katako ƙofa ce, kuma ruwa bai san makunni na fita ne kawai ba. Tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Kututture ɗaya ya daki makunnin, an gama. Mutanen yankin ba su manta da jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi, don haka wannan dalilin bai sha gardama ba.

Na biyun ne Alhaji ya ji kamar surutu. Malam Isa ya ce ko a teku, mai gishiri da igiyar ruwa, akwai dokar duniya da ake kira MARPOL, wadda sashenta na ƙazantar banɗaki ya fara aiki a 2003. Manyan jiragen da ke ƙetare ƙasashe ba su da izinin zubar da ɗanyen bahaya sai sun yi nisan fiye da mil 12 na teku daga gaɓa. "To nan fa? Nan ake sha, nan ake alwala, nan Sarkawa da Gungawa ke jefa taru. Yaran da kake gani suna fitsarin jini, daga ina ka ɗauka tsargiya ke zuwa? Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi ya girma, ya fito ya huda fatar yaron da ya shigo wanka. Amai da gudawa kuma ta bahaya take bi. Malamai ma sun sha gaya mana an hana biyan buƙata a mashayar jama'a."

"To me kake so?"

"Tanki a cikin jirgi, rami a tudu. Jirgi ya tara, in ya iso gida a ja da famfo a kai rami."

Alhaji ya ce a fara da na jirgin, rami kuwa abu ne na yini ɗaya, bayan kasuwa za a haƙa.

Aikin ya ci kwanaki, kuma kusan kowace ƙusa sai da aka yi ciniki a kanta. Alhaji ya sa aka mirgino tsohon duron ƙarfe daga gidansa. Malam Isa ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce fitsari yana cin ƙarfe, tun ba wajen ɗinkin walda ba, kuma ranar da zai ɓule ba zai yi sallama ba. Sai da aka sayo tankin roba mai kauri, mai cin lita 200. Alhaji ya so a jingine shi a gefe don kada ya tare wurin kaya. Malam Isa ya ce lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato in tankin ya cika nauyinsa ya kai na buhunan masara biyu manya, kuma buhu yana zaune inda aka ajiye shi, shi kuwa ruwan da ke rabin tanki duk inda jirgi ya karkata can yake gudu ya ƙara masa. Aka kwantar da shi ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi wajen baya, aka tokare shi da katako ta kowane gefe, aka ɗaure da ɗamara.

Kafinta ya kafa ɗan ɗaki a bisa, da ƙofa mai sakata daga ciki, abin da Hajiya Kulu ta aiko musamman a tabbatar an sa. Aka dasa masai na tsuguno mai lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa don tare wari. Daga nan tiyo ya gangara zuwa saman tanki. A kan wannan tiyon ne yaron Malam Isa, Sale, ya sha faɗa. Ya yanko shi da tsawo, don tsoron kada ya gaza, sai ya yi ciki a tsakiya. Malam Isa ya sa yatsa ya danna wurin.

"Me zai zauna nan?"

"Ruwa, Baba."

"Wane irin ruwa?"

Sale ya sunkuyar da kai. Ya kwance, ya rage, ya mayar da shi gangare tun daga sama har ƙasa, ya ɗaure kowane baki da maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Irin wannan wurin ba mai gani in an rufe katako, kuma daga nan ake gane ma'aikaci.

Na ƙarshe shi ne bututun iska, wanda ya tashi daga saman tanki ya bi bangon ɗakin ya fita sama da rumfa. Alhaji ya tsaya yana kallonsa a karkace. A ganinsa an biya kuɗi don a rufe wari, ga shi kuma an buɗe masa hanya. Malam Isa ya ce duk abin da ya shiga tanki sai iska daidai shi ta fita, in kuma ana ja da famfo sai iska ta shiga, in ba haka ba tankin ya lotse. Ban da haka, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazanta iri biyu ne. Masu aiki da iska warinsu kaɗan ne. Waɗanda ke yaɗuwa inda ba iska su ne ke ba da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Alhaji ya gyaɗa kai irin na wanda yake jira a gama.

Da aka cika tankin da ruwan tafki aka gwada, ba inda ya ɗiga. Alhaji ya zaro cikon kuɗin aiki ya miƙa. Malam Isa ya mayar da hannuwansa baya.

"Riƙe tukuna, Alhaji. Ban gama ba."

"Me ya rage?"

"Rami."

Alhaji ya mayar da kuɗinsa aljihu, a ransa yana cewa ga wanda bai san ciwon kansa ba.

Labari ya bazu kafin kasuwa ta zagayo. Mata suka riƙa barin jiragen da suka riga cika suna jiran na Alhaji Garba, har da masu goyo da tsofaffin da suka daɗe da daina tafiya. Aka ga masu kunu da zoɓo suna ciniki a cikin jirgi, abin da ba a saba ba. Alhaji ya ƙara ɗan wani abu a kuɗin kujera, ba wanda ya yi gunaguni. Zancen rami kuwa, kowace kasuwa sai ya koma ta gaba.

Wata rana iska ta juyo da ɗan wari kan fasinjojin baya. Alhaji ya ce da yaron jirgi, Ɗanjuma, ya hau ya toshe wannan bututun na Malam Isa. Ɗanjuma ya cusa tsumma ya naɗe da leda. Kwana biyu tankin yana cikin zafi, ya kumbura. Aka yi rashin sa'a wata Hajiya mai sayar da busasshen kifi ta shiga, ta tuttula ruwan buta, iskar da ta rasa hanya ta yi gyatsa ta cikin masai. Abin da ya faru da zanenta ba sai an faɗa ba. Ta fito tana salati, jirgin duka ya ɗauki wari, mutane suna toshe hanci da bakin mayafi har aka isa gaɓa.

Ɗanjuma ya cire tsumman, amma ya zo wa maigidansa da wani labarin: tanki ya kusa baki. Lissafin ba shi da wuya. In kowane shiga ya ci kamar lita 2, mutum 30 a tafiya, tafiya uku zuwa huɗu ta cika shi.

Alhaji yana ƙirga kuɗi, bai ɗago ba. "Kai ba yaro ba ne. Ka san yadda za ka yi. Ni dai kada in ji, kada in gani."

Da dare ya raba, Ɗanjuma ya jona famfon hannu, ya saki bakin tiyo ta gefen jirgi, ya yi ta bugawa har tankin ya koma fayau. Ya zaci kafin safiya ruwa ya tafi da shi. Sai dai inda ake ɗaure jirage lungu ne, an zaɓe shi ne ma don ruwan wurin ba ya gudu. Da gari ya waye mata suka sauko da tuluna da kwanonin wanki, suka tarar da abin yana lilo tsakanin ciyayi, taku kaɗan daga inda suke ɗiba. Ta farko a cikinsu ita ce jikar Hajiya Kulu.

Kafin hantsi an taru a ƙofar Sarkin Ruwa. Alhaji ya ce shi bai aiki kowa ba, yaro ne ya yi wautarsa. Ɗanjuma ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi wanda ke ba shi abinci, ya rufe. Wasu masu jirage, waɗanda dama ciniki ya guje musu, suka ce a ɓalle ɗakin gaba ɗaya, tun kaka da kakanni ba a san jirgi da masai ba kuma ba a taɓa ganin irin wannan ba.

Sarkin Ruwa ya sa aka kira Malam Isa. "Kai ka yi aikin nan. Aikin ne ya ɓaci?"

"Ranka ya daɗe, tanki ya yi abin da aka sa shi. An ce ya tara, ya tara. Masu cewa a da ba a ganin haka sun faɗi gaskiya ta wani gefen. Da can kowa yana sakin nasa kaɗan-kaɗan a hanya, ba mai kyau ba ne, amma ba a wuri ɗaya ba. Yanzu an tattara na mutum ɗari, an dafa shi a rana, an kawo an juye a bakin tulun mutane. In ba za a haƙa rami ba, gara a ɓalle ɗakin, ni ma zan taya."

"Ka gaya masa haka tun farko?"

Malam Isa bai dubi Alhaji ba. "Cikon kuɗina yana hannunsa, ranka ya daɗe. A tambaye shi dalili."

Aka yi shiru. Hajiya Kulu ce ta yi magana daga inda mata suke tsaye. "Ɗakin nan ba mai ɓalle shi. Mun gaji da tafiya da ƙishirwa. Garba, ka bar laɓewa bayan yaro. Ɗanjuma ko gishiri ba ya saya sai ka ce."

Alhaji ya cire hula ya share goshi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na sa shi."

Sarkin Ruwa ya yanke cewa jirgin ba zai tashi ba sai rami ya samu, Alhaji kuma zai sayo wa unguwar ruwan burtsatse har lungun ya washe. Ya ƙara da cewa duk mai jirgin da ya so yin irin ɗakin, sai ya zuba nasa kason a kuɗin ramin.

Da la'asar aka fita awo. Alhaji ya nuna wani fili dab da gaɓa, don tiyon ya yi gajere. Malam Isa ya nuna masa layin busasshiyar ciyawa da ruwa ya bari can sama da wurin. Kogin Kwara sau biyu yake cika a nan: farin ruwa na damina, sannan baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu daga ƙasar Gini. Ramin da aka haƙa ƙasa da wannan layin, tafki zai zo ya kwashe da kansa. Suka hau tudu, ya auna mita 30 tsakaninsa da iyakar ruwa, ya sake auna wata 30 daga rijiyar makwabta, ya kafa turke. Ya ce a gina bakinsa da bulo, a rufe da siminti, shi ma a sa masa bututun iska.

Ranar da aka ja tankin karo na farko zuwa ramin, Alhaji da kansa ya riƙe bakin tiyo, Ɗanjuma yana buga famfo. Da aka gama ya wanke hannu da sabulu, ya ƙirgo cikon kuɗin. Malam Isa ya karɓa, ya ƙirga, ya ba Sale nasa.

"Saura kuɗin 'yar raga, Alhaji."

"Wace raga kuma?"

"Ta bakin bututun iska. In ba a sa ba, zanzaro zai shiga ya yi ginin laka a ciki, ya toshe shi kamar yadda ka sa aka yi."

Alhaji ya sake tura hannu aljihu. "Nawa ne?"