Na Goron Ɗan Sanda: Wa Ke Ɗauke Da Zunubin?



Akwai tambayar da direbobi da 'yan kasuwa masu bin hanya ba sa gajiya da yi wa malamai: "Malam, ɗari biyun nan da muke miƙa wa ɗan sanda a shinge, muna da zunubi?" Mai tambayar ya san Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Kuma ya san idan ya ƙi miƙawa za a ce ya faka a gefe, ya wuni a rana, tumatirin da ya ɗauko daga Kadawa zuwa Legas ya narke a cikin kwanduna. Ni ina ganin tambaya ce ta mutumin da zuciyarsa ke da rai, don wanda zuciyarsa ta mutu ya daɗe da daina tambaya.

Mu fara da yarda cewa abin ya yi yawa. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2017 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, an gano cewa cikin mutum 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda a shekara guda, kusan 46 sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. 'Yan sanda ne suka zo kan gaba cikin ma'aikatan gwamnati. Amma ai ba ma buƙatar bincike. Ka shiga caji ofis ka ga an manna a bango cewa beli kyauta ne, sannan a ƙarƙashin takardar ake cinikin nawa za ka kawo. An yi maka sata ka kai ƙara, a ce ka kawo kuɗin takarda, ka kawo kuɗin mai, ka kawo na shayin wanda zai bi sawu. Wani lokacin abin da za ka kashe ya fi abin da aka sace.

To, me malamai suka ce? Mafi yawansu sun tafi a kan cewa wanda aka tsare wa haƙƙinsa, ko ake shirin zaluntarsa, kuma ba shi da wata hanyar kuɓuta sai ya bayar, to zunubin yana kan wanda ya karɓa. Wannan sauƙi ne na shari'a, kuma ba ni da nufin ƙuntata abin da Allah Ya yalwata. Direban da takardunsa suka cika, motarsa lafiya, aka riƙe shi haka kawai da bindiga a gabansa, wannan wanda aka zalunta ne. Uwar da aka kama ɗanta a kamen kan mai uwa da wabi, ta sayar da akuyarta ta fito da shi, Allah Ya san halinta.

Sai dai fa mu ji tsoron Allah, mu duba ko duk mai miƙa hannu ta taga yana cikin wannan sahu. Ni dai a ganina masu bayarwa kashi uku ne, kuma kashi biyu sun laɓe a bayan fatawar da aka yi domin kashin farko.

Kashi na biyu shi ne wanda ya san shi ne ba ya kan daidai. Lasinsa ya ƙare tun bara, tayoyinsa sun suɗe, motar mutum goma sha takwas ya cusa ashirin da biyar, ga buhuna a sama. Wannan ba haƙƙinsa yake fansa ba. Izinin karya doka yake saye, kuma ransa da rayukan fasinjojinsa ne a kan ciniki. Idan taya ta fashe aka kwashi gawarwaki, sai mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, amma motar ta wuce shinge nawa kafin ta isa inda ta kife? A kowane shinge an ga lodin, an karɓi ɗari biyu, an ɗaga sanda. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kashi na uku shi ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne ba mu cika magana a kansa ba. Shi ne wanda da ƙafarsa yake zuwa caji ofis ya yi hayar hukuma. Yana bin wani bashi, sai ya ga kotu za ta ɗau lokaci, ya je ya "ga" DPO, a ɗauko mutumin a jefa shi bayan kanta har sai danginsa sun haɗo kuɗin. An yi rigimar fili, mai ƙarfi ya sa a kama mara ƙarfi. Saurayi ya kashe kuɗi yarinya ta ce ba ta yi, a kama mahaifinta. An nemi yaro ba a same shi ba, a tafi da tsohuwarsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu idan babu. Wa ke biya a take waɗannan dokokin? Mu ne. Alhaji ne da ke sahun gaba a masallaci, wanda gobe za ka ji shi a majalisa yana tsine wa 'yan sanda. Wannan ba shi da wani uzuri na lalura. Shi ne ainihin mai ba da rashawar da aka la'anta, kuma ya haɗa da zaluntar ɗan uwansa.

Yanzu mu juya wajen mai kaki. Na san abin da zai ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Zai ce albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Zai ce da kuɗinsa yake ɗinka kaki, da kuɗinsa yake sayen takalmi, motar sintiri ba a ba ta isasshen mai. Zai ce ka zo ka ga barikin da yake kwana da iyalinsa. A watan Janairun 2013, bayan gidan talabijin na Channels ya nuna halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja ke ciki, sai da Shugaba Jonathan ya je da kansa ba sanarwa ya gane wa idonsa. A 2002 ƙananan 'yan sanda har yajin aiki suka yi saboda haƙƙoƙinsu. Zai kuma ce abin da yake karɓa a titi ba shi kaɗai yake ci ba, akwai kason da ke hawa sama.

Kuma yana kallon abin da na saman suke yi. Tafa Balogun, Sufeto Janar guda, an gurfanar da shi a 2005 kan biliyoyin naira, ya amsa laifi, aka yanke masa wata shida. A Janairun 2013 wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a shari'ar sama da naira biliyan 23 na fanshon tsofaffin 'yan sanda, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida tare da umarnin ya dawo da kuɗin. Kurtun da ya ga haka, ya ga wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aiki ya koma yawon bin fansho da sanda a hannu, me kake zaton Shaiɗan zai raɗa masa?

Duk wannan gaskiya ne, kuma waɗanda suka jefa shi cikin wannan hali za su amsa tambaya a gaban Allah, tambayar da ta fi tasa nauyi. Amma zaluncin da aka yi maka daga sama bai halatta maka aljihun mai adaidaita sahu ba. Shi bai ci fanshonka ba. Yadda kake fita da asuba neman na cefane, haka shi ma ya fito, kuma akwai balas da mai mashin ke jira da yamma.

Canza wa abin suna ma ba ya canza hukuncinsa. Ko an ce na goro, ko na ruwa, ko ihsani. A zamanin Annabi (SAW) an aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa wannan kyautar. Ma'aunin ke nan har gobe. Ɗan sanda ya tambayi kansa: ranar da na tuɓe kakin nan na zauna a ƙofar gida, wannan direban zai tsaya ya miƙo mini ɗari biyu? A nan ƙasar Hausa, cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kai a littafinsa Kitabul Farƙ har da gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai mulki don a samu shiga. Sama da shekara ɗari biyu ke nan, cutar tana nan, riga kawai ta sauya.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne abin da ake sayarwa a shingen ya fi ɗari biyu tsada nesa ba kusa ba. Ɗan sanda guda da bindiga guda ba zai iya tsare unguwa ba. Abin da ke tsare unguwa shi ne mutane su yarda cewa idan suka kai rahoto za a yi aiki da shi, kuma ba za a sayar da sunansu ba. Wannan yardar ita ce jarin aikin gaba ɗaya. Duk hannun da ya karɓa a titi yana gutsurar ta, kuma ba a iya sayo ta da kasafin kuɗi.

Ku dubi yadda muke rayuwa bayan ta ƙare. Mutum ya ga baƙin fuska suna kai buhunan abinci da jarkokin mai daji, ya yi shiru, don yana tsoron kafin ya iso gida labari ya riga shi isa wurin waɗanda ya kai ƙara. An kaɗe mutum a titi yana zubar da jini, jama'a su tsaya kallo, kowa na tsoron idan ya kai shi asibiti shi za a riƙe. An kama ɓarawon waya, sai ka ji ana cewa kada a kai shi ofis, gobe za a sako shi, a gama da shi a nan. Daga nan sai taya da fetur. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, aka kashe mutum 16 maimakon a miƙa su ga hukuma a bincika. Waɗanda suka yi kisan su ke ɗauke da jininsu, babu mai sauke musu. Amma al'adar yanke hukunci a titi tana tsirowa ne a inda mutane suka daina jin cewa akwai wurin kai ƙara, kuma mu ma a garuruwanmu muna yin irinta. A Oktoban 2020 mun ga yadda fushin shekaru ya fashe a zanga-zangar EndSARS. An rusa rundunar SARS ranar 11 ga watan, amma kafin ƙura ta lafa an rasa rayukan masu zanga-zanga, an ƙona ofisoshin 'yan sanda, an kashe 'yan sanda, cikinsu ba mamaki da wanda bai taɓa karɓar sisin kowa ba.

Wannan shi ne wanda na fi tausaya wa, ɗan sanda mai gaskiya. Suna nan, kuma kowannenmu ya san aƙalla ɗaya. Abokan aikinsa na ganin ya tsare musu hanyar abinci, jama'a na yi masa kallon ɓarawo saboda kakin da ke jikinsa, a gida kuma ana ce masa sa'anninsa sun yi gini shi yana haya. Kuma hannun da ya saba ɗaga sanda don ɗari biyu ba ya buɗe buhu ya ga abin da ke ciki. Motar da ta wuce yau da harsasai a ƙarƙashin buhunan masara, gobe da su za a yi wa wannan mai gaskiyar kwanton ɓauna.

To mene ne namu? Gyaran albashi da bariki da fansho da hukunta manya aikin masu mulki ne, kuma wajibi ne mu riƙa faɗa musu ba tsoro. Amma akwai abin da ke hannunmu yau. Mai mota ya cika takardunsa ya daina lodin ganganci, don ranar da zai ce ba zai bayar ba ya faɗa da ƙarfin gwiwa. Mai bin bashi ya nufi kotu ko zauren sulhu, ya daina hayar bayan kanta. Wanda aka zalunta ya rubuta sunan jami'in da wurin da lokacin, ya kai koke. Rundunar tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a tun 2015, akwai kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Ba kullum ake dacewa ba, amma an sha korar jami'ai saboda wani ya daure ya kai ƙara da hujja. Wanda kuma lalura ta gaske ta sa ya bayar, ya bayar yana ƙin abin a zuciyarsa, kada ya mayar da shi wasa da dariya har da "oga a sha ruwa".

Iyaye da matan 'yan sanda, ku ma kuna da rabo a wannan magana. Kun san albashinsa. Idan ya shigo da abin da ya ninka shi, ku tambaya. Naman da ya ginu da haram kun san makomarsa, kuma 'ya'yanku ne ke ci. Wanda ya dawo hannu wayam saboda ya ƙi karɓa, ku tare shi da fuska sake, kada gorinku ya zama shi ne zai tura shi titi gobe.

Kai kuma ɗan uwana mai kaki da ke karanta wannan, aikinka idan ka tsare shi ibada ne babba. Mutane na barci kai kana tsaye cikin sanyi don su. Kada ka sayar da wannan ladan a kan abin da ba zai sayi mudun shinkafa ba. Ranar hisabi babu ogan da zai tsaya maka, kuma waɗanda ka karɓa daga hannunsu ba ka ma san sunayensu ba balle ka nemi yafiya.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya ƙarfafi masu gaskiya cikin jami'an tsaronmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Wallahu a'alam.