Ramin Da Dirili Ba Ya Gamawa

Ɗana, kai da Allah ya ajiye abincinka a gaban injin sassaƙa ƙarfe, zauna mu yi magana a kan rami. Na san za ka ce rami ba abin dogon zance ba ne, a ɗaura dirili a danna, ƙarfe ya huje, a wuce wurin. Haka ne in ramin na noti ne da za a ɗaure a manta da shi. Amma akwai ramin da fin zai zauna a cikinsa daram, ba lilo ba girgiza, kuma a jikin ƙarfen da ake ƙera kayan aiki da shi, wato ƙarfen da aikinsa shi ne ya yanki wani ƙarfe. Irin wannan rami dirili fara shi kawai yake yi. Mai gama shi ita ce rima, wannan sandar mai haƙora a tsaye da ake zurawa daga ƙarshe ta kankare ɗan abin da ya rage, kuma a wajen zaɓenta ne ake gane wanda ya zauna ya koyi aiki.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan kogin Sakkwato a 1978, ƙasar nan daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura ta zama ƙasar inji: famfon ban ruwa, tarakta, injin casar shinkafa, injin niƙa. Kamfanin Impresit na Italiya da ya yi ginin ya daɗe da tattara kayansa, injuna kuwa ba su fasa lalacewa ba. Manomi daga Tsibiri zai zo maka ranar Talata, ranar kasuwa, da wani ƙarfe a naɗe cikin buhu, shukarsa tana can tana jiran ruwa, kuma ba shi da maikuromita da zai auna abin da ka yi masa. Hannunka ya yarda da shi. In ka ba shi rami mai faɗi ba zai gani ba sai bayan mako biyu, injin ya tsaya a tsakiyar rani, kai kuma ka riga ka ci kuɗin. Wannan amana ce, kuma saboda ita nake ja maka zancen.

Kafin ka taɓa akwatin rima, ka san ƙarfen da ke hannunka. Ƙarfen kayan aiki hali biyu gare shi: yana da laushi kafin a ba shi ruwa, yana da tauri bayan an gasa shi an tsoma. Wanda ake kira D2, alal misali, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 12 cikin ɗari, shi ya sa ko yana da laushi yake cin bakin abin yanka da wuri. In an ba shi ruwa taurinsa yakan kai 58 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell, ita kuwa rimar ƙarfen HSS da yawancinmu muke da ita taurinta 62 zuwa 65 ne. To ka ga kusan kunnen doki suke, ta yaya ɗaya zai yanki ɗaya? Za ka ji tana kuka, haƙoranta su dakushe cikin daƙiƙa kaɗan, ka yi asarar rima ka yi asarar aiki. Saboda haka rima kafin wuta ake sa ta. In kuma sifirin ɗin mota ne ko tsohon magagari aka kawo maka a mai da shi wani abu, kamar yadda aka saba a wajenmu, ka fara goga masa magagari ka ji. In magagarin ya zame bai kama ba, kai shi maƙera a gasa shi ya yi ja, a binne shi cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Maƙeranmu sun san wannan tun kafin a kawo mana inji.

Ka kuma san da cewa wuta tana motsa ƙarfe. Ramin da ka gama daidai yana iya tsukewa ko ya ɗan karkace bayan an ba shi ruwa, kuma a lokacin gyaransa na dutsen wasa ne na cikin rami, ko sandar tagulla da garin gugar ƙarfe, ana murzawa ana aunawa.

Sai irin rimar. HSS ba baƙon abu ba ne, tun 1900 Taylor da White na Amurka suka nuna shi a baje kolin birnin Faris yana yanka ƙarfe bakinsa ya yi ja bai dakushe ba, har yau kuma shi ne abokin ƙaramin shago. In za ka saya don ƙarfen kayan aiki, nemi wanda aka haɗa da kobal, za ka ga an rubuta M35 ko M42 a jikinsa, na farko kashi 5 cikin ɗari na biyu kashi 8. Ya fi jure zafi, ya fi daɗewa a kan irin su D2. Akwai kuma kabayid, wanda kamfanin Krupp na Jamus ya fara sayarwa da sunan Widia tun kafin yaƙin duniya na biyu. Na san samari suna son rimarsa don sun ji an ce ta fi kowacce tauri, kuma gaskiya ne, amma taurin nan tare yake da saurin karyewa. Tana son inji wanda ba ya rawa ko kaɗan. In injinka boris ɗinsa ya ci, bakinsa yana lilo, ko janareta ne ke ja wuta tana sama tana ƙasa, haƙoranta za su gutsure tun a ramin farko, kuɗinta kuma ya ninka na HSS. A ganina, a yawancin shagunan ƙasar nan mai kobal ta fi dacewa, kuma babu abin kunya a cikin sanin iyakar injinka.

Kada ka haɗa rimar hannu da ta inji. Ta hannu gindinta kusurwa huɗu ne don a kama da mariƙi, bakinta kuma yana tsukewa a hankali don ta shiga ta daidaita kanta. Ta inji ɗan gajeren baki gare ta, da shi kaɗai take yanka. Rimar nan da ake buɗewa a tsuke da noti tana da amfani a kan bushin tagulla na tarakta, amma ba ta ƙarfen kayan aiki ba ce.

Dubi ramin kuma. In ya zarce ya fita ta ɗaya gefen, rimar da haƙoranta suka murɗe hagu tana tura ɓarɓashi gaba ya faɗi ƙasa. In rami ne mai gindi, wanda bai ɓulla ba, wadda ta murɗe dama ake so, ta jawo ɓarɓashin waje, don in ya taru a ƙasa shi zai karce bangon da kake ƙoƙarin gyarawa. In akwai tsagar makulli a cikin ramin, mai miƙaƙƙun haƙora za ta faɗa tsagar ta maƙale, sai mai murɗe ce ke ƙetare ta lafiya.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suke ɓata aiki. Rima ba ta miƙe rami. Bin ramin da ta tarar take yi, kamar dai mai shafen siminti, zai iya sa katanga ta yi sumul amma in magini ya ɗora bulo a karkace, a karkace shafen zai bi. In dirili ya kauce, rima ma za ta kauce. Don haka ka fara da ɗan dirilin tsakiya, ka huda, in aikin na ƙwarai ne ka bi da wuƙar cikin rami a kan injin sassaƙa ta daidaita shi, ka ɗan share bakin ramin, sannan rima ta shigo. Ka bar mata abin da za ta ci, amma kaɗan: ramin milimita 10 a huda shi da dirili 9.8. In ka bar mata da yawa za ta wahala ta faɗaɗa ramin. In kuma ka bar mata ƙasa da kima, wai kana tausaya mata, ba za ta yanka ba, goga kawai za ta yi, gugar nan kuwa tana ƙara wa fatar ƙarfen tauri har ta kashe bakin rimar. Alamar H7 da kake gani a jikinta alkawari ne cewa ramin milimita 10 ba zai wuce 10.015 ba, kuma wannan ɗan bambanci bai kai kaurin gashin kai ba. Alkawarin yana cika ne kawai in kai ma ka cika naka.

Ka yi tunanin mahujin da ake huda rariyar injin niƙa da shi, faranti biyu na ƙarfe mai tauri waɗanda fin biyu ke riƙe da su a saiti. In ramin fin ɗaya ya yi faɗi da abin da ido ba ya gani, farantin zai ɗan gusa, mahujin ya sauka a gefen raminsa, ka ji ƙas, baki ya gutsure. Aikin kwana da kwanaki ya tafi saboda rami guda.

Gaggawa aikin shaiɗan ce, a wajen rima kuwa har da gudun inji. Rage shi zuwa rabin abin da ka huda da shi ko ƙasa da haka; rima milimita 10 ta HSS a ƙarfen kayan aiki juyi 200 a minti ya ishe ta. Amma turawar kada ta yi sanyi, ka tura ta a tsaye ba tsayawa, ka ba ta man yanka mai tsabta a wadace. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da dusar ƙarfe, kada ka kusanto da shi. Kuma ko da wasa kada ka juya rima baya, ko wajen fito da ita. Yadda ta shiga tana juyawa haka za ta fito, in ba haka ba ɓarɓashi ya shiga bayan haƙori ya karya shi. Kafin ka taɓa kayan mutane, gwada a kan guntun ƙarfe irinsa, ka zura fin ɗin ka ji da yatsunka.

Wajen saye, araha ba ta ado. In ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka tarar da sababbi da na hannu a zube, wasu tsofaffin ma sun fi sababbin nagarta. Tafi da maikuromitarka. Yawancin rima haƙoranta shida ne ko takwas, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa, saboda haka ana iya auna ta a wurin. Ɗaga ta ga haske, in bakin haƙori yana ƙyalli ya riga ya dakushe, ajiye musu abinsu. Wadda ka saya kuma kada ka jefa ta cikin gwangwani tare da dirili da sukudireba suna karo da juna, shafa mata mai ka naɗe kowacce daban.

Wata rana za a kawo maka aikin da ba ka da rimarsa, ko ƙarfen da aka riga aka ba ruwa, mai shi yana tsaye yana roƙonka ka yi masa dabara ya koma gona. Zuciya za ta ce ka wasa dirili ka lallaɓa, ai ba zai sani ba. Ka gaya masa gaskiya, ɗana, ka ce wannan ya fi ƙarfin kayan da ke shagonka yau. Ka nuna masa wanda yake da su a Gusau ko Sakkwato, ko ka tambayi malaman injiniya na kwalejin Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara, ko ka ce ya ba ka kwana uku ka aika a sayo. Ka rubuta masa awon ramin da irin ƙarfen a takarda ya tafi da ita, don kada wanda zai karɓi aikin ya fara daga lalube.