Kokowar da ɗingishi ne ladanta

A filin kokowa na Damargu, daga Tarka har Tanut, wanda aka kayar yakan tashi ba kirari. Amma Littafin Farawa ya kawo labarin Yakubu makiyayi, wanda ya kwana yana kokowa a mashigin Yabbok. An gurɗe masa ƙugu, ya ƙi saki, sai aka sa masa albarka da sabon suna, Isra'ila.

Kiristocin Damagaram, waɗanda aka ƙone majami'unsu a Janairun 2015, sun san irin wannan dare. In an raba mutum da gini da kwanciyar rai, me ya rage masa? Bangaskiyarsu ta amsa: sunan da Allah ya kira shi da shi. Bawa yakan san kansa ne ranar da ƙarfinsa ya ƙare, ya riƙe Ubangijinsa.